Ɗan Akwatin da Aka Kai Kuta

Litinin, 7 ga Afrilu, hantsi

Ƙafar hagu ta kumbura tun asuba, takalmi ya ƙi shiga. Ƙirji da sauƙi. Na sha ƙwayar hawan jini da ruwan randa, don na firij ya zama kamar na wanka.

Zan rubuta abin da aka yi mini a cikin gidana, tunda babu wanda zai zauna ya saurara har ƙarshe.

Kafin 'yata Nana Khadija ta tafi asibiti a Alƙahira, ita da mijinta Siddiƙu, ta sa an kafa wani faranti a kan rufi, aka jawo waya zuwa falo, aka kafa ɗan farin akwati a bango kusa da taga. Rauta ake ce masa. Bai fi tafin hannuna ba. Aikinsa ɗaya ne: saƙon da ya sauko daga rufi ya duba na wane ne, ya tura masa. Nawa ya zo kan allon gilashin da ta bar mini, na 'yan haya ya tafi wayoyinsu. Ta haɗa shi da ƙaramin batir mai cin hasken rana, ta ce, "Baba, ko wata guda aka yi babu wuta, za ka gan ni." Kullum bayan la'asar allon zai yi ƙara, in taɓa koren wuri, sai ga fuskarta.

Ranar Asabar Badaru, ɗan marigayi ƙanena, mai gyaran kwamfuta a Bosso, ya zo gaisuwa. Wai gaisuwa! Na shiga in yi azahar, na fito na tarar da bango wayam, sai ramukan ƙusa. A kan teburin cin abinci kuwa ga tsohuwar kwamfutar Nana ta makaranta, wadda ke cikin sito tun tana budurwa, an fito da ita, an soka mata wayar rufi, tana huci.

"Baffa, na yi maka gyara," in ji shi. "Wannan ta fi wancan ɗan abin ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk aikin da yake yi za ta yi, har da wanda bai iya ba."

Na ce ina akwatina? Ya ce yana cikin jakarsa, akwai inda ake bukatarsa. Ya durƙusa, ya yi mini sai an jima, ya hau babur.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Ta kira. Hoton Nana bai tsaya ba ko sau ɗaya. A da, in ɗaliban da ke haya a ɗakunan baya suka kunna ƙwallonsu, fuskarta kan daskare, baki a buɗe, in zauna ina jiran ta motsa. Yau babu wannan. Badaru ya ce ya koya wa kwamfutar ta riƙa ba ni hanya kafin kowa. Na rubuta don kada a ce ban yi masa adalci ba. Amma bai tambaye ni ba.

Ta ɗaura kallabi har kan gira. Ban yi tambaya ba. Muryarta ta yi ƙasa, ni kuma kunnena ya yi nauyi, saboda haka ba hira muke yi sosai ba. Kallon juna muke. Ta ce in ɗaga ƙafar ta gani. Na nuna mata ta dama.

Laraba, 9 ga Afrilu, magariba

An ɗauke wuta da azahar. Badaru ya jona kwamfutar da batirin Nana ta wata 'yar inbata mai juya wutar batir, ya ce zai riƙe ta. Ya riƙe ta kuwa, har zuwa lokacin da na idar da salla na ɗan kishingiɗa. Daga nan inbatar ta fara kuka kamar ɗan tsako, komai ya mutu.

La'asar ta wuce, allon shiru.

Ga madatsar Shiroro a bayan gidanmu tana haska garuruwan mutane, mu muna fifita da kwali.

Alhamis, 10 ga Afrilu, hantsi

Jiri kaɗan. Ƙafa tana nan.

Na yi aikin reluwe a tashar nan ta Minna tun ana tura jirgi zuwa Baro. A bakin mahaɗa akwai mutum guda da ba shi da wani aiki sai juya layi. Bai iya rubuta rasit ba, bai san farashin tikiti ba, ba a aikensa kasuwa. Jirgi ya taho, ya duba sigina, ya ja ƙarfe, wannan ya bi Kaduna, wancan ya bi Baro. Shugaban tasha kuwa ya iya komai. Ya iya buga waya, ya iya lissafi, ya iya zagin direba da Turanci, har juya layin ma ya iya in ta kama. Amma ba wanda ya taɓa cewa a sallami mai juya layi a ɗora shugaban tasha a wurin. Kafin ya sa takalmi, ya nemo hularsa, ya sha shayi, jirgi ya wuce.

To shugaban tasha Badaru ya kawo mini, ya zaunar a kan teburin cin abinci. Tana da fanka a ciki, tana da allo nata na kanta, in an kunna ta sai ta yi miƙa ta yi hamma, ta rubuta abubuwa, ta yi tunani. Ɗan akwatina kuwa ba shi da fanka, ba ya ko numfashi. In aka kunna shi, kafin in wanke ƙafa a alwala fitilunsa sun yi kore.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan masallaci

Ban je ba. Na ji huɗuba daga kan kujera.

Ta kira, akwai wuta. Ta ce, "Baba, ina ka shiga shekaranjiya?" Na ce barci ya ɗauke ni. Ba zan ɗora mata maganar kwamfuta a kan abin da take ɗauke da shi ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, la'asar sakaliya

Akwai wuta, amma kwamfutar ta mutu da kanta. Haka kawai. Na kunna, ta yi aiki kaɗan, ta sake mutuwa.

Mabel, telar da ke haya a ɗakin gaba, mutuniyar Zonkwa, ta shigo da kunun gyaɗa ta same ni ina danna maɓalli.

"Baba, kai da matarka kun sake yin faɗa?"

Na ce wace matar?

"Wannan da ka ajiye a tebur mana. Har mayafi ka saya mata."

Na ce ba mayafi ba ne, ƙyallen rufe rediyo ne na matata marigayiya, ita ta yi masa sakar da hannunta. A ofis, duk na'urar da ake mutuntawa rufe ta ake yi. Keken rubutu ma yana da rigarsa.

Ta kawo wayarta ta ce mu kira Nana da ita. Mun gwada. A cikin gidan nan waya ba ta samun sabis ɗin da zai ɗauki hoto sai an fita tsakar gida an tsaya kusa da rijiya, dalilin da ya sa Nana ta kafa farantin ke nan tun farko. Na tsaya a rana, dogare da sanda, ina leƙen wani gilashi mai tsaga da bai fi kwalin ashana biyu ba. Na ga wani abu mai kama da fuska. Ɗalibai suna shanya wanki suna kallona. Na ce Mabel ta kashe.

Lahadi, 13 ga Afrilu, hantsi

Na kira Badaru da 'yar wayata. Ya ce gobe.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan azahar

Ya zo. Bai ko zauna ba, ya ɗaga ƙyallen da yatsa biyu kamar ya ga mushe.

"Baffa! Wa ya rufe ta?"

Na ce mai gidan.

"Ai numfashi take yi ta nan. Ka toshe mata hanci a wannan zafin na Minna, dole ta suma."

Na ce to ka kawo mini abin da zai suma in an rufe shi, ya suma in an ɗauke wuta, ya suma in rana ta yi zafi. A wane gari aka ce maka nake zaune? Ɗan akwatin ƙadangare ya kwana a kansa, bai ce komai ba.

Ya zauna a ƙasa ya fara yi mini bayani, kuma ba zan ce bai san aikinsa ba. Ya ce ɗan akwatin abin da aka ɗura masa a kamfani shi kaɗai ya sani, ba a ƙara masa ilimi, ranar da ya tsufa sai bola. Ya ce ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, in mutanen gida suka taru a kansa sai ya rikice, shi ya sa fuskar Nana ke daskarewa. Kwamfuta kuwa ana koya mata sabon abu kullum. Tana nuna wanda ke shanye layin, tana tare 'yan maƙwabta masu satar shiga, in wani abu ya lalace a cikinta a cire a sa wani, ga su nan jibge a shagonsa. Ya ce manyan wurare ma wasu haka suke yi.

Na ce na ji. Ina akwatin yake?

"Yana Kuta, Baffa. Wani abokina Josiah ya buɗe kantin magani, na haɗa masa."

Na ce tunda kwamfuta ta fi, me ya hana ka kai wa abokin naka ita, ka ba shi mai kyaun?

"Ai can ba su da wuta, Baffa."

Na ce nan fa?

Mabel tana bakin ƙofa da tsintsiya, ta yi dariya har ta zauna a kan dakali. Shi bai yi ba. Ya sosa ƙeya, ya ce zai nemo babban batir. Na ce ba na son babban batir, ba na son ƙaramin batir, abin da 'yata ta kafa da hannunta nake so a mayar inda yake. Sai na faɗa masa abin da Siddiƙu ya gaya mini jiya: likitoci sun sa ranar Laraba ta makon gobe za su shiga da ita ɗakin tiyata. Ya miƙe. Ya ce kafin Juma'a akwatin yana bango, in Allah Ya yarda.

Ya ninke ƙyallen ya ɗora a kan kabad, inda hannuna ba ya kaiwa. Na gani.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Ta kira. Tana kwance. Ta ce abincinsu babu yaji, tana marmarin dambun kifin Kasuwan Gwari. Na ce in ta dawo zan sa a kawo mata kwando guda. Ta yi murmushi, ba ta ce to ba.

Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. Yau na ce Uwata, ta ce, "Na'am, ɗana," kamar yadda take yi tun tana 'yar firamare.

Laraba, 16 ga Afrilu, yamma

Babu wuta. Babu kira.

Alhamis, 17 ga Afrilu, hantsi

Mabel ta tafi gida bikin Ista, ɗalibai ma duk sun watse. Ta bar mini miya a kula, ta ce, "Baba, kar ka yi wa matarka saki uku kafin in dawo." Na ce ta gaida mutanen Zonkwa.

Gidan ya yi girma. Ba a jin komai sai fankar kwamfuta, in akwai wuta.

Na yi tunani a kan maganar Badaru. Gaskiya ne ta iya abubuwa da yawa. Amma ni guda nawa na tambaya? Ban ce a tare maƙwabta ba, su sata, Allah Ya ba su sa'a. Ban ce a nuna mini wanda ke kallon ƙwallo ba. Gara fuskar da ke daskarewa tana dawowa da wadda ba ta zo ba sam. Wannan ne bai shiga kansa ba. Shi yana auna abu da yawan abin da zai iya yi. Ni ina auna shi da ranar da komai ya lalace.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan la'asar

Ta kira, mun daɗe. Yawanci barci take, Siddiƙu yana riƙe da wayar. Na ce ya bar ta haka, ina kallo.

Badaru ya ce hanyar Kuta ba daɗi kwanakin nan, direbobi ba sa son bin ta. Ya ce Josiah zai ba wani ya kawo.

Asabar, 19 ga Afrilu, hantsi

Jiya da yamma aka yi iskar farkon damina. Ta kwashe kwanon gidan Alfa mai kanti, maƙwabcinmu, ta kayar da turakun wuta a bakin titi har da na wajen coci. Farantin rufi yana nan, na fita na duba. Nana ta sa an ɗaure shi da kyau.

Alfa ya ce wannan gyaran ba na yau ba ne, ba na gobe ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu, azahar

Na kunna kwamfutar da batir don la'asar, na yi sauri da yawa. Kafin Siddiƙu ya kira, inbatar ta yi kukanta. Hadari ya rufe rana, batirin ba ya ƙoshi.

Ɗan akwatin kuwa, da wannan ɗan abincin na batir zai yi kwana da yini.

Litinin, 21 ga Afrilu, la'asar

Ƙirji ya matsa. Ban ci miyar ba, ta yi tsami.

Na yanke shawara: ba zan sake kunna kwamfutar ba sai ranar Laraba. Batirin ya sha rana yau da gobe, ya cika, in adana shi. Na gaya wa Siddiƙu ta 'yar waya cewa ya kira ni da zarar Nana ta farka daga barci ranar, in kunna. Sai da na maimaita masa, shi ma ya maimaita mini, don ba na jin rabin abin da yake faɗa.

"Baba, tana tambayarku," in ji shi. Wannan na ji shi sarai.

Talata, 22 ga Afrilu, hantsi

Wayar Badaru a kashe. Na kira har yatsana ya gaji.

Wanda Josiah zai ba, ko ya taho ko bai taho ba, Allah kaɗai Ya sani. Yaron da na yi wa huɗuba a kunne da bakina, na yanka masa rago ubansa yana kwance a asibiti. Ya shigo gidana ya cire abu daga bango kamar gidan haya.

Laraba, 23 ga Afrilu, azahar

Siddiƙu ya kira da hantsi, tun kafin lokacin da na zata. Ya ce sun matso da aikin, ta farka, in kunna yanzu.

Na kunna. Fanka ta tashi. Allonta ya kawo farin rubutu a kan baƙi. Na yi makaranta, na karanta da kaina: wai ba a kashe ta yadda ya kamata ba a karon baya, saboda haka sai ta duba cikinta tukuna, a jira. Ga wata lamba tana rarrafe a ƙasa.

Cikinta za ta duba. Ita ce marar lafiyar.

Na danna duk abin da ke dannuwa. Na ɗauki sanda na fita ƙofar gida ba takalmi, ina kiran Alfa. Ya ce wayarsa tana wurin masu caji a bakin kasuwa, bari ya aika. Na dawo. Lambar ta ɗan matsa. Siddiƙu yana kunnena yana cewa, "Baba, ya kawo? Baba, sun shigo da gadon."

Na ce ya sa mata wayar a baki. Na ji wani abu kamar iska a cikin kara. Na ce, Uwata, ban ji ba. Na ce ki sake, Uwata. Na toshe ɗaya kunnen da yatsa. Ta sake, na san ta sake. Sai muryar Siddiƙu, yana cewa sun tafi da ita.

Bayan nan kwamfutar ta gama duba cikinta. Ta ce ba ta sami matsala ba. Allon Nana ya nuna layi ya kawo, cikakke. Na zauna ina kallonsa har inbatar ta fara kuka.

Ban tambayi Siddiƙu abin da ta ce ba. Ba shi aka faɗa wa ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, yamma

Ba ta farka ba tukuna. Sun ce a jira.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan asuba

Siddiƙu ya kira.

Asabar, 26 ga Afrilu, la'asar

An kawo wuta jiya da rana, ana tsakiyar shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Yaran unguwa suka yi ihunsu na kullum, Alfa ya daka musu tsawa.

Siddiƙu ya ce a can za a yi jana'izar, bayan azahar ɗinsu. Ya ce tunda wuta ta dawo zai kira ta allon in gani. Na ce a'a. Ba wannan aka ce zan gani ba.

Mutanen da na yi shekaru ban sa su a ido ba duk sun zo. Tsofaffin reluwe biyu da na zaci sun riga ni. Kowa ya zauna a falo sai ya dubi kwamfutar ya ce, ashe Malam Maiwada an shiga zamani. Wani ya miƙa hannu zai kashe ta saboda ƙarar fanka, ana addu'a. Na ce ya bar ta. Yanzu ta ga damar yin aiki, ta yi.

Mabel ta dawo da safe. Ta ajiye jaka a tsakar gida, ta shigo ta durƙusa, ta riƙe ƙafata mai kumburin. Ita ce ke dafa wa baƙi.

Litinin, 28 ga Afrilu, magariba

Ƙafa biyu yanzu. Ƙirji kamar an ɗora dutsen niƙa.

Badaru ya kira Mabel jiya, ba ni ba. Ya ce ya je Kuta da kansa, akwatin yana jakarsa, yau bayan azahar zai zo. Ta ce muryarsa ba ta fita. Ta ce, "Baba, kunya yake ji. Ka yi masa a hankali, ɗanka ne."

Na shirya maganganu tun safe, masu zafi, na jera su. Da azahar ta yi na zubar da rabi. Da la'asar ta yi, abin da ya rage shi ne in ce ya mayar da akwatin bango ya zauna mu ci abinci. Shi kaɗai ya rage wanda ya san Nana tun tana rarrafe.

Na sa Mabel ta bar ƙofar zaure a buɗe, ta ajiye masa tuwo a kula. Duk babur ɗin da ya rage gudu a layinmu sai na ɗaga kai.

Ga shi ana kiran salla. Bai zo ba.